Ƙofofin Gafiya Bakwai

An yi wata unguwa ta dabbobi masu zama a rami, a gindin wani tudu. Mai unguwarsu Kunkuru ne, dattijo mai haƙuri. Cikin mazauna akwai Bushiya, wadda ba ta iya ɓoye komai sai fuskarta, da maƙwabciyarta Gafiya, mai son abin duniya.

Ƙa'idar unguwar ita ce, bayan kaka kowane mai gida zai ba da ƙoƙon gero ɗaya a kan kowace ƙofar gidansa. Da wannan gero ake sallamar Gara, maginan unguwa, su zagaye ƙofofin da 'yar katangar laka kafin damina, don kada ruwan tudu ya shiga ramuka.

Wata rana Bushiya ta fito da ƙoƙo biyu, sai Gafiya ta tare ta.

"Ke ƙawata, ina za ki da gero har ƙoƙo biyu? Ba da ƙofa ɗaya aka san ki ba?"

"Na huda wata ta baya saboda zafi. Zan je in gaya wa Baba Kunkuru."

"Wa ya gani? Wa ya tambaye ki?" Gafiya ta tuntsire da dariya. "Amma ke dai akwai wauta! Ni ƙofofina bakwai, shida na rufe da ciyawa, ɗaya nake biya wa. Wannan tsohon kafin ya zagaye gidana ai damina ta wuce."

"Yaya Gafiya, ni dai ta ƙofa biyu nake shan iska. Biyu zan biya."

Da Kunkuru ya zo zagaye, Gafiya ta durƙusa har ƙasa. "Ɗaya ce, ranka ya daɗe."

Ya daɗe yana kallon tarin ciyawar nan. "Kin tabbata, 'yata? Abin da kika faɗa, shi Gara za su gina."

"Haba Baba! Ni zan yi maka ƙarya?"

Gara suka yi aikinsu. Bushiya ta sami katanga biyu, Gafiya ɗaya.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya. Ya gangaro daga tudu, duk inda ya tarar da katanga sai ya kauce. Da ya iso gidan Gafiya, ya share ciyawar nan, ya shiga ta ƙofa shida a lokaci guda. Gyaɗar da ta shekara tana tarawa ta bi ruwa. Da ƙyar ta fito da 'ya'yanta uku, suna karkarwa, ba wurin fakewa.

"Yaya Gafiya! Ta nan, ta nan! Miƙo min su!"

Bushiya ce, tsaye a ƙofar nan ta baya da aka yi mata dariya a kanta. Ta karɓi yaran ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe ƙayarta don kada ta soke su, ta dama musu kunu. Ko sau ɗaya ba ta tada zancen ƙoƙo biyu ba.

Da safe Gafiya ta je gaban mai unguwa, kanta a sunkuye.

"Baba, bakwai ne."

"Na sani. Na ga ciyawar."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Ai na tambaye ki, 'yata."

Sai Gafiya ta ce, "Huɗu zan toshe. In kaka ta yi, uku zan biya."

"Madalla," in ji Kunkuru. "In kin manta hanyar gidana, ki biyo Bushiya."

Darasin wannan labari shi ne, harajin gida ba asara ba ne, da shi ake yin aikin da ke kare gidan kowa. Mai gida na gari yakan san abin da ke kansa, ya faɗi gaskiyar girman gidansa, ya biya ba tare da an bi shi ba, kamar yadda Bushiya ta yi.