Hannun Birkin Ƙaninsa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum da Allah ya jarabce shi da son babur. Ba irin wanda ni da ku muke hawa mu je kasuwa ba. Tsofaffin babura yake so, waɗanda kamfani ya daina ƙerawa tun kafin a haifi wasunku. Yana da shagon sayar da fenti, Allah ya rufa masa asiri. Amma in ka shiga falonsa, inda mutane suke ajiye doguwar kujera, shi babur ya girke a kan darduma. Matarsa takan ce ita da yara 'yan haya ne, ga mai gidan can da tayoyi biyu.

Suna da ƙungiya ta masu irin wannan ciwon. Duk ƙarshen mako sukan haɗu a fili bayan wani gidan mai, su jera baburansu. Ba tsere suke yi ba, kwatance suke yi. Wane salansarsa ta asali ce, wane madubinsa jabu ne. Shugabansu wani dattijo ne da yakan bi babur da babban yatsa, noti bayan noti, yana neman tambarin kamfani. Inda ya ga na kasuwa, sai ya yi tsaki ya wuce. Manyan mutane da furfura, amma tsakin nan yakan hana su cin abinci!

Mutumin namu suna kiransa Mai Asali, don duk abin da aka nuna masa sai ya tambaya, "Na asali ne?" Kuma babur ɗinsa komai na asali ne, in ban da abu ɗaya: hannun birkin gaba. Nasa na kasuwa ne, ƙarfen banza, har ya tsage kusa da noti. Ya liƙe tsagar da gam, ya shafe ta da fenti, sana'arsa ce. Amma yatsan dattijo bai ruɗu ba. Kullum a nan yake yin tsaki.

To, yana da ƙane mai kai burodi shaguna. Ƙanen yana hawan tsohon babur ɗin da mahaifinsu ya bari, kushinsa duk faci, da ƙaton akwati ɗaure a baya. A ƙungiya ko kallonsa ba za a yi ba. Sai dai kamfani ɗaya ne ya ƙera shi da na Mai Asali. Wata rana ƙanen ya zo gaida shi, idon yayan ya faɗa kan hannun birkin. Ga tambari nan raɗau.

Me zai hana shi ya roƙa? Da ya ce, "Ba ni wannan, in saya maka sabo mai ƙwari," wallahi da dariya ƙanen zai ba shi. Amma girman kai ya hana. Yaya za a ce Mai Asali ya roƙi kayan babur ɗin burodi?

Sai ya ce, "Bar min babur ɗin yau, in canza maka baƙin mai, in ɗaure maka sarƙa."

Ƙanen ya ce, "Kai, Yaya, Allah ya bar zumunci."

Ya canza baƙin man, ya ɗaure sarƙar. Sannan ya kwance hannun birkin, ya ɗaura masa tsagaggen nan nasa. Ya san tsagar, shi ya rufe ta da hannunsa. Zuciyarsa ta ce masa kada, sai ya ba ta amsa cewa cikin makon nan zai sayo mai kyau ya musanya. Wane ne a cikinmu bai taɓa rufe bakin zuciyarsa da "cikin makon nan" ba?

Ranar haɗuwa, dattijo ya bi babur ɗin tun daga fitila har lambar baya, bai yi tsaki ba. Ya ɗaga kai ya ce, "Yau kam ya cika." Aka yi ta tafi, ana ɗaukar hoto. Ana cikin haka wayar Mai Asali ta yi ƙara.

Ƙaninsa yana saukowa gangara da akwati cike, wata tifa ta tsaya a gabansa ba zato. Ya taka birkin baya, tayar ta zame saboda nauyi. Ya damƙi na gaba da ƙarfinsa, ƙarfen ya karye a hannunsa. Ya rayu, amma likitoci ba su iya ceton ƙafarsa ta dama ba.

A nan azabar ta fara, ya 'yan uwa, domin babu wanda ya zarge shi. A gadon asibiti ƙanen ya riƙe hannunsa yana cewa, "Yaya, kada ka damu. Kai ka yi naka, ka gyara min shi tsaf. Tsufa ne ya kama ƙarfen." Mahaifiyarsu tana gefe tana sa masa albarka, tana ce wa masu zuwa dubiya, "Ba don yayansa ba, da ban san yadda za mu yi ba." Kowace albarka sai ya ji ta kamar an ɗora masa garwashi a tafin hannu.

Ya ɗauki nauyin magani, ya sayi keken guragu, yana kai cefane. Komai ya yi, ban da faɗin gaskiya. Ya rame. Ya daina zama a shago, masu saye suka koma wani wuri. In ya hau babur ɗin ya kai hannu kan birki, sai ya janye hannun, ya sauka. Kuma bai cire ƙarfen ba! Yana tsoron a tambaye shi a ƙungiya ina ya kai shi. Kun ga yadda son yabo yake ɗaure mutum?

Da ƙanen ya samu sauƙi, sai ya sa matarsa ta kawo shi gidan yayansa don ya yi godiya. Aka turo kekensa cikin falo. Ya ga babur yana ƙyalli, kewar hawa ta taso masa, ya matsa ya ɗora hannu a kan birkin.

Abin da Mai Asali bai sani ba shi ne, a ƙarƙashin ƙarfen akwai 'yar tsaga da mahaifinsu ya yi da zarto, don yatsa ya samu wurin kamawa in ana ruwa. Ido ba ya ganinta. Amma yatsan da ya yi shekaru yana kwana a cikinta ba zai manta da ita ba.

Yatsan ƙanen ya faɗa cikin tsagar. Sannan ya ɗago ya dubi yayansa ya ce, "Ya yi masa kyau, Yaya. Da ka tambaye ni, ai da na ba ka." Ya juya ga matarsa ya ce, "Mu je gida."

Bai zage shi ba, bai kai shi ƙara ba. Mahaifiyarsu da ta ji, cewa ta yi, "Ba zan yi maka baki ba. Amma ka bar ni tukuna, ba na iya kallon hannunka." Labari ya kai ƙungiya, suka cire shi. Ya sa babur ɗin a kasuwa, babu wanda ya taya, don kowa ya san abin da ke jikinsa. Shago ya rufe. Yakan je ƙofar ƙaninsa ya tsaya, ya ji ƙarar keken a ciki, ya kasa yin sallama.

Ya 'yan uwa, mallakar babur mai kyau ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka san tsaga, ka shafe ta da fenti, ka miƙa wa wanda ya amince da kai. Wannan ha'inci ne, kuma son yabon mutane ne ya haife shi. Wanda yake da irin wannan a tsakaninsa da ɗan uwansa, ya je ya faɗa yau, tun ɗan uwan yana tafiya da ƙafafunsa.

Allah ya kiyaye mu daga cin amanar waɗanda suke yi mana godiya. Allah ya ba mu ƙarfin faɗin laifinmu kafin ya zama abin da ba ya gyaruwa. Amin.