Mai Tsaron Ƙofar da Ya Ƙaryata Agogon Majalisa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a can ƙasar Amurka, tun zamanin da babu mota babu lantarki. Sunansa Enoch Tull. Kada kowa ya tambaye ni garin, ban riƙe sunansa ba. Abin da na riƙe shi ne a garin majalisar dokokin jiharsu take zama, shi kuma Enoch shi ne mai tsaron ƙofarta. Shara tasa, hura murhu nasa, zuba tawada nasa, har kaskon da manya ke tofa taba a ciki shi ke wankewa. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, yana kwana da matarsa a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala.

Ku saurara ku ji irin aikin majalisar nan. Sau ɗaya suke zama a shekara, kwana arba'in, bayan an kai amfanin gona gida. Yau a yi dokar gyaran gada, gobe a yi ta aladun da ke shiga gonar mutane, jibi wani ya kawo koke a canza masa suna. Kuma kowace takarda sai an karanta ta sau uku, a ranaku uku dabam, kafin a jefa mata ƙuri'a. Ranar ƙarshe kuwa, da agogon bangon zauren ya buga sha biyun rana, shi ke nan an tashi. Takardar da ba a kai kanta ba ta mutu, sai baɗi.

Agogon nan Enoch ke kula da shi. Ya kafa wata ƙusa a daɓen zauren, daidai inda hasken taga ke sauka da tsakar rana, da ita yake saita shi.

To, a wannan shekara akwai wani maƙeri baƙar fata mai suna Primus. Bawa ne a da, ubangidansa ya 'yanta shi kafin ya mutu. Amma dokar jihar ta ce wanda aka 'yanta ya bar jihar cikin shekara guda, in ya wuce a kama shi a sake sayarwa, sai fa in majalisa ta ba shi izinin zama da sunansa. Jama'a, kun ji doka! Ga shi matarsa Dilsey da 'ya'yansu uku har yanzu bayi ne a gidan wani ɗan majalisa, Kanar Bramlett. In ya tafi ya rabu da iyalinsa har abada, in ya zauna a mayar da shi bauta. Sai ya kawo takardar koke. Aka yi mata karatu na ɗaya, aka yi na biyu, na uku ya faɗo ranar ƙarshe.

Ana gobe za a tashi, Kanar ya tarar da Enoch yana shara. Ya ce, "Tsoho, agogon nan naka yana nawa. Gobe ka tura shi gaba da minti ashirin."

Enoch ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ya nawa. Jiya na gwada shi da rana."

Kanar ya ce, "Na ce yana nawa."

Enoch ya ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni, hannuna ba zai iya ba."

Kun san me Kanar yake nufi? Ya san Primus ba zai taɓa tafiya ya bar 'ya'yansa ba. In takardar ta mutu, wa'adi ya cika, a kama shi, shi Kanar ya saye shi, ya samu maƙeri a gida. Innalillahi! Mutum mai yi wa jama'a doka ke nan fa.

Da gari ya waye Enoch ya saita agogonsa, ya ɗauki bokiti ya tafi rijiya. Kafin ya dawo, Kanar da kansa, da furfurarsa, ya taka kujera ya tura hannun agogo. Aka buɗe zama. Enoch na bakin ƙofa, wannan ya aike shi, wancan ya kira shi, bai ko ɗaga kai ba. Primus yana tsaye a waje da hularsa a hannu, don irinsa ba sa shiga zauren. Ya leƙo ya ce, "Baba, an kusa zuwa tawa?" Enoch ya ce, "Saura biyu, ɗana. Akwai lokaci."

Bai rufe baki ba sai agogo ya fara bugawa. Shugaban majalisa ya ɗaga gudumarsa zai rufe zama. Enoch ya dubi daɓe, ya ga haske bai ko kusa da ƙusa ba, da sauran kusan taƙi guda.

Ku saurara da kyau. A ƙa'idar zauren nan, wanda ba ɗan majalisa ba, in ya buɗe baki ana cikin zama, korarsa ta tabbata. Enoch ya fi kowa sanin haka, shi ke fitar da masu yi. Ya san zai rasa aikinsa, ya san zai rasa ɗakinsa, ya san matarsa tsohuwa ce. Amma ya tako har tsakiyar zaure, ya ce, "Ranka ya daɗe, agogon nan ƙarya yake yi. Sha biyu ba ta yi ba."

Kanar ya miƙe yana ihu a fitar da shi. Shugaba ya sa hannu a aljihu ya zaro agogonsa ya duba. Ya ce, "Da sauran minti ashirin."

Yanzu ga abin da ya fi tayar min da hankali a labarin nan. Fiye da rabin mutanen da ke zaune suna da agogo a aljihu. Sun sani! Wallahi sun sani tun safe. Amma an ɗaura wa dawakansu sirdi a waje, kowa hankalinsa ya yi gida, sai suka yi gum. Mutum sittin masu ikon magana suka yi shiru, wanda ba shi da ikon magana shi ya yi.

Kunya ta sa akawun majalisa ya ɗauko takardar Primus ya karanta, aka jefa ƙuri'a, ta wuce da ƙyar. Primus ya durƙusa a bakin ƙofa yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Kuna tsammanin an yi wa Enoch godiya? Ina! Da sauran minti bakwai, Kanar ya tashi ya ce an karya ƙa'idar zaure, a kori mai tsaron ƙofa. Aka jefa ƙuri'a, aka kore shi. Cikin mintocin da shi ya dawo musu da su suka kore shi. Ya ajiye makullai a kan tebur, ya ce, "Na san ƙa'idar, ranka ya daɗe, ba ku zalunce ni a kanta ba." Da la'asar shi da matarsa suna kan titi da ƙullin kayansu. Primus ne ya zo ya ɗauki ƙullin a kansa, ya kai su bayan maƙerarsa, can suka ƙarasa rayuwarsu.

To jama'a, darasin a fili yake. Amana ba ta da ƙarama, kuma wanda ya ga ana cuta ya yi shiru alhali yana iya magana, da shi aka yi cutar. Kada ka ce ni ai masinja ne, ni ai maigadi ne, ni ai sakataren ƙungiya ne kawai. Kai ka san fayil ɗin da aka tura ƙasan tebur, kai ka san sunan da aka goge daga jerin masu jiran fili, kai ka ga lokacin da aka taɓa sikeli. Ba na jin tsoron a samu Kanar a cikinmu, irinsa ba su da yawa. Tsorona mu zama mutum sittin ɗin nan, mun sani, mun yi shiru don muna sauri mu koma gida. Ranar da za a tsayar da mu, za a tambaye mu shirun nan. Allah ya ba mu ikon buɗe baki tun da sauran lokaci.