Ɓerayen Doreen da Ƙafar Gershon

Ɗana Gershon yaro ne mai kirki, amma ba ya jiran a gama magana. Tun yana ƙarami haka yake. Ko cittarsa da yake nomawa a bayan Kafanchan, tun ganye bai bushe ba yake tonewa, ya ce ai ta yi.

Shekarun baya aka gano yana da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Yana shan ƙwayoyinsa, yana noma, lafiya lau. Sai bara wasu tabo masu duhu suka fito masa a ƙafa, suka zama ƙullutu. Likita a Jos ya ce kansa ce ta jijiyoyin jini, Kaposi sunanta. Aka sa shi a kan allura. Allurar tana sa shi amai, tana kwantar da shi, amma ƙullutun sun fara lafawa.

Ƙanwarsa Doreen tana karatu a ƙasar waje, kuma a kan wannan ciwon take bincike. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma ta yi mini bayani har na gane. Ta ce wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, dangin wadda ke sa ƙurajen leɓe. Sukan ɗauki ɗan guntu ɗaya daga ƙwayar, su sa a jikin ɓeraye tun kafin a haife su. In ɓerayen sun girma, jan ƙari ya fito musu a kunne da wutsiya, irin na ƙafar ɗana.

Wata rana ta turo wa wanta hoto biyu a waya, da saƙon murya. Kunnen ɓera ne, ɗaya da ƙari, ɗaya ya washe. Ya saurari farkon, ya ji ta ce sun gwada wani magani ya yi aiki, ya kashe wayar.

"Mama, an gama. Doreen za ta zo da shi a Kirsimeti."

"Ta ce maka haka?"

"To me za ta sa a jaka, ɓera?"

Daga nan ya daina zuwa Jos. Ƙwayoyin ma ya ajiye. Wai ba a haɗa magani biyu, sai jiki ya wanke kafin sabo ya shiga. Na roƙe shi, na yi kuka, na kira Fasto. Gershon ya rantse mini ya koma sha, ya ce kada in tayar wa yarinya da hankali tana karatu. Ashe a masai yake zubawa.

Doreen ta iso ana jibi Kirsimeti. Ta buɗe jaka, ta ciro sabon takalmi, ta ce, "Broda, ga naka na zuwa coci." Sai ta ga ƙafar. Ta kumbura kamar turmi, tana ruwa.

Gershon ya ce, "Bar takalmi, ina maganin?"

"Wane magani?"

"Na ɓerayenki."

Ta karɓi wayarsa, ta kunna saƙon har ƙarshe. Muka ji muryarta tana cewa: "A ɓeraye ne kawai tukuna, Broda. Kafin ya kai ga mutum sai shekaru, in ma ya kai. Don Allah kada ka fasa allurarka ko sau ɗaya."

Sai Gershon ya fara tari.

Yanzu muna asibiti. Sun ce ciwon ya shiga huhu, sun sake fara allurar, amma likita ba ya kallon idona in na tambaye shi. Mata zumunta na cocinmu suna ta addu'a. Jiya Gershon ya ce in kawo masa takalmin ya gani. Na ajiye a gefen gadon, har yanzu da takarda a ciki.

'Yan'uwa, darasin shi ne: ku saurari magana har ƙarshenta, musamman maganar lafiya. Abin da ya warkar da ɓera bai zama maganin mutum ba tukuna. Kada ku ajiye maganin da ke hannunku saboda wanda kuka ji labarinsa. Duk wanda ya karanta wannan, ya sa Gershon a addu'a.