Jagoran da Ya Ƙi Nuna Sawun Gwiwa

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can gabas, a bakin wani babban kogi. Ba zan faɗi sunan garin ba, don na san halinku, yanzu wani zai ce ƙanin kakansa ya taɓa kwana a can, a bar wa'azi a koma gardama. Sunan mutumin Nomau. Bahaushe ne irinmu. Kakanninsa sun tashi tafiyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka zauna noma a garin har suka hayayyafa, kuma Hausa ba ta bar bakinsu ba.

To, bayan garin nan akwai kufai mai faɗi, tafiyar kwanaki. Tun kafin Musulunci ya iso ƙasar, Kiristocin farko ne suka zauna a wurin. Sun bar majami'u, wasu rufinsu ya rufta sai ginshiƙai a tsaye, wasu an fafe su cikin dutse, da zane a bango wanda har lokacin bai gama gogewa ba. Baƙi kan zo daga ƙasashe masu nisa don su gani, 'yan garin su yi musu jagora, kwana biyar ana zagayawa da raƙuma da jakuna. Sana'ar garin ke nan, kuma tana da shugaba, wani Alhaji Ilu. Shi ke ba mutum sandar jagora, wata gora mai jan ƙyalle a kanta. In ba ka riƙe da ita, ba ka isa ka ja baƙo ko taku ɗaya ba.

Shi Nomau shekara ashirin yana bin ayarin nan, amma can baya, shi da jakuna. Shi ne ɗebo ruwa, shi ne kafa tanti, shi ne wanke tukwane. Ga 'ya'ya bakwai a gida. Babu dutsen da bai sani ba a kufan nan, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa komai in ban da ina buta. Ya daɗe yana roƙon Allah sandar nan, jama'a, ya daɗe.

Ana nan, wata shekara sai ga wasu baƙi daga ƙasarmu, Kiristoci ne Hausawa, su kusan ashirin, shugabansu wani Fasto Istifanus. Aka yi dace duk masu sanda sun fita da wasu baƙin. Alhaji Ilu ya duba ya duba, bai ga kowa ba sai mai jakuna.

Ya ce, "Kai Nomau, zo nan. Ga sanda. Amma ka ji sharaɗi. Rana ta biyar in kun isa majami'ar kogo, ka kai su wurin sawun gwiwa, ka ba da labarin yadda ake bayarwa. Ni ma zan tarye ku a can."

Ku saurara ku ji mene ne sawun gwiwar nan. A cikin majami'ar ƙarshe, wadda aka fafe cikin dutse, akwai wasu ramuka biyu a ƙasa, kusa da juna, sun yi sumul. 'Yan jagora kan ce wani waliyyin Kiristoci ne ya yi shekara arba'in a durƙushe yana addu'a har gwiwoyinsa suka nutse cikin dutse. Baƙi su ji, su fashe da kuka, su zuba abin da ya sawwaƙa cikin ramukan, bayan sun juya baya a kwashe. To Nomau ya san ƙarya ce. Yana saurayi aka ƙaga labarin, a gabansa.

Ya ce, "Alhaji, ai ni na san ramukan nan ba gwiwa ba ce."

Alhaji Ilu ya ce, "To sai me? Addininka ne? Su su yi kukansu su ji daɗi, mu mu ci abinci. Wa aka cuta? In ka faɗa, sanda ta zama taka har ka tsufa. In ka kawo min tsaurin ido, wallahi ko jakunan ba za ka ƙara gani ba."

Nomau ya sunkuyar da kai, ya karɓi sanda. Kada wani ya harare shi. Mai 'ya'ya bakwai ne, ku ma da kun karɓa.

Aka ɗaura kaya, aka kama hanya. A cikin baƙin akwai wata tsohuwa makauniya, ana ce mata Iya Rifkatu. 'Ya'yanta ne suka haɗa ƙarfi suka turo ta, don ta ce ba ta son ta mutu ba ta taka inda magabatan addininta suka taka ba. Ranar farko, da aka isa wata majami'a mai ginshiƙai, kowa ya ɗaga kai yana kallo, ita ko tana tsaye tana jin mutane suna "kai, kai, kai", ba ta san me ake wa mamaki ba. Abin ya taɓa Nomau. Ya je ya ce, "Iya, kawo hannunki." Ya ɗora tafinta a jikin ginshiƙi. Ya ji tafin nan duk kanta, kamar bayan itace.

Ya ce, "Bi nan a hankali. Kin ji tsaga? Gicciye ne aka sassaƙa."

Ta bi da yatsa sama, ta bi gefe, ta ce, "Na ji shi, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Shi ke nan fa, daga ranar ya zama idonta. Rana ta biyu ya zura hannunta cikin kwarmin dutsen da ake yin baftisma. Rana ta uku suka haye kogi a kwale-kwale zuwa ɗakunan masu zuhudu, ya sa ta auna ɗaki guda da ƙafa, taku uku ta ci karo da bango, ta yi dariya ta ce ko akurkin kajinta ya fi wannan. Rana ta huɗu ya tsaya gaban wani zane ya zayyana mata shi, launi bayan launi, har inda ruwan sama ya ci fuskar wanda aka zana.

Amma yana da wani hali da ya dami wasu. In aka tambaye shi abin da bai sani ba, sai ya ce, "Ban sani ba." Wa ya gina wannan? Ban sani ba. Wace shekara aka tashi daga nan? Allah ne masani, ni dai ban sani ba. Wasu suka fara gunaguni, wai wannan wane irin jagora ne, ina ma laifin ya ƙaga ko da suna. Kun ji mutane! A faɗa musu gaskiya su ce an tauye musu haƙƙi.

Rana ta biyar ta waye. Nomau ya yi sallar asuba, ya zauna a kan buzu, ya kasa tashi. Zuciya ta ce masa, magana ce ta minti biyu, ka faɗa ka wuce, ka yi istigfari. Ta ce masa, ka tuna yaran nan. Ta ce masa, ai ba kai ka ƙaga ba. Kun san muryar nan, jama'a, kada ku yi kamar baƙuwa ce, da ita wasunku suka fito gida yau. Ya tashi ya ɗaura wa jakuna kaya, har lokacin bai san abin da zai yi ba.

Da hantsi suka isa majami'ar kogo. Ga Alhaji Ilu a bakin ƙofa, ya sha rawani, yana ta washe baki. Aka shiga, aka kewaye ramukan nan biyu. Labarinsu ya riga ya kai kunnen baƙin tun daga gida, wasu matan har sun fara share hawaye. Iya Rifkatu ta ce, "Ɗana, sauke ni ƙasa." Ya taimaka mata ta durƙusa, ya ɗora hannunta cikin ramin farko. Ta shafa. Ta sake shafawa. Ta lalubi na biyun, ta daɗe a ciki. Sannan ta ɗago fuska wajen da take jin numfashinsa.

Ta ce, "Ɗana Nomau, kwana huɗu duk abin da ka ce min shi na ɗauka. Faɗa min, nan ne gwiwar bawan Allahn nan ta nutse?"

Alhaji Ilu ya yi gyaran murya. Nomau ya dubi Alhaji, ya dubi sandar da ke hannunsa, ya dubi tsohuwar nan da ba ta da idon da za ta ƙaryata shi. Tsoro kam ya ji shi.

Ya ce, "Iya, ba gwiwa ba ce. Ramin niƙa ne."

Inna lillahi! Wuri ya hargitse. Alhaji Ilu ya daka tsalle ya fizge sandar, ya ce, "Ƙarya yake! Mai jakuna ne, me ya sani? Kai, fita! Ka gama aiki a garin nan!"

Nomau ya ce, "Zan fita, Alhaji. Amma 'ya'yan duwatsun da ake niƙan da su suna bayan katangar can. Ni aka sa na kwashe su ina saurayi, a kan jakina, don kada baƙi su gane."

Fasto Istifanus ya ce, "Malam Nomau, je ka ɗauko guda."

Ya fita, ya tone yashi, ya dawo da wani dutse mai santsi, ya sa wa tsohuwa a hannu. Ta jefa shi cikin ramin, ya zauna daram. Sai ta gyara durƙuso, ta kama da hannu biyu, ta tura gaba, ta jawo baya, ta tura, ta jawo, gurr, gurr, kogo ya amsa. Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Ta ce, "Shekara hamsin ina niƙau! Da dutsen niƙa na ciyar da marayuna bayan ubansu ya rasu. Ina ɗora hannu na san abin da na taɓa. Mata biyu ne ke niƙa a nan, kafaɗa da kafaɗa, kuma mai wannan ramin bahaguwa ce, ku taɓa ku ji yadda ya karkata hagu. Ashe akwai irina a nan! Ni da nake cewa wurin manyan bayin Allah zan zo, me mai niƙau za ta ce musu? Ashe wasu na addu'a, wasu na durƙushe suna niƙa musu abin da za su ci, har dutse ya lotsa."

Matan nan suka zube suna taɓa ramin, kowacce na cewa wallahi hagu ya karkata. Wata ta ɗauko waƙa, sauran suka amsa, kogon nan ya cika da murya har waje.

Da suka lafa, Iya Rifkatu ta ce, "Ina ɗana?" Aka ce ga shi a bakin ƙofa, an kore shi. Ta ce, "Ku ji, da ya ce min gwiwa ce, da na yi shiru, amma da na zubar da duk abin da ya ɗora hannuna a kai tun ranar farko. Da na koma gida ban san wanne ne gaskiya ba. Yanzu ko na san duka na gani." Ta miƙa hannu ta ce, "Zo ka ja ni. Ni ba gora nake bi ba."

Fasto Istifanus ya juya ga Alhaji Ilu ya ce, "Alhaji, riƙe sandarka. Mu wannan mutumin za mu bi har bakin kogi." Haka aka fito, Nomau a gaba hannu wofi, tsohuwa riƙe da gefen rigarsa, mutum ashirin a bayansu suna waƙa, Alhaji Ilu can baya wajen jakuna, ba mai ko waiwayarsa.

Kada ku ɗauka nan take daɗi ya zo. Alhaji ya cika alkawarinsa, ya hana shi aiki. Wata takwas Nomau yana ƙwadago a gonakin mutane, wata rana a ci, wata rana a sha ruwa a kwanta. Amma baƙin nan sun koma gida da labari, majami'a ta gaya wa majami'a, gari ya gaya wa gari. Da lokacin ziyara ya zagayo, ayari na farko suka sauka suka ce ina mutumin da ke cewa ban sani ba? Aka kawo musu wani, suka ce a'a. Ayari na biyu haka, na uku haka, har wasu suka ce in babu shi a mayar da su jirgi. Allahu Akbar! Da ƙafarsa Alhaji Ilu ya tako har gonar da Nomau ke noma, riƙe da sandar nan, ya tsaya a kan kunyar gona yana sallama. Nomau bai wulaƙanta shi ba, ya ba shi ruwa ya sha. Abu ɗaya ya ce, labarin gwiwa ya mutu daga yau. Alhaji ya ce ya mutu. Nomau ya yi jagora har ƙarfinsa ya ƙare, kuma duk wanda ya koya a hannunsa da gaskiya ya ci abinci.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ƙarya ƙarya ce, ko wa ka yi wa. Ba ta zama halal don wanda ka yi wa baƙo ne, ko don addininku ba ɗaya ba, ko don ba shi da idon da zai kama ka. Wanda ya miƙa maka hannunsa ya ce ka ɗora masa a kan gaskiya, amana ya ba ka, kuma za a tambaye ka.

Kai mai shago, gobe baƙauye zai shigo bai san jabu da na ƙwarai ba, zai ce wanne ya fi. Kai makanike, mace za ta kawo mota ba ta san komai a cikin inji ba. Kai mai karanta wa tsohuwa takardar asibiti. Har mu malamai, da ake yi mana tambaya mu ji kunyar cewa ba mu sani ba, mu ƙaga amsa, ban cire kaina ba. Muryar nan za ta zo ta ce maka wa aka cuta. Ka ce mata ni aka cuta, ni da zan tsaya gaban Allah. Abincinka ba a hannun wani Alhaji yake ba, yana hannun wanda ya halicce ka, in ya jinkirta wata takwas bai manta ba. Ku faɗi gaskiya ko murya na rawa. Allah ya ba mu ikon faɗa, ya sa mu cika da ita. Ku ce amin da ƙarfi, na bayan can ban ji ku ba.