Sunan da Ya Hana Inna Saukowa daga Bene

Akwai wata mata tela, jama'ar wannan shafi, da kowa a layinsu yake kira Maman Biyu. Hannunta yana da kyau a ɗinki, ba ta saɓa alkawarin ranar karɓar kaya. Aibinta ɗaya ne: idan ta ce a'a, ko ita kanta ba ta iya janye ta.

Tana zaune a hawa na uku na wani dogon bene mai sassa da yawa, kowane sashe da mai shi. Ita da mijinta suka sayi nasu tun suna ganin hasken juna, aka rubuta sunayensu biyu a takardar mallaka. Daga baya ya tafi ƙasar waje tuƙin babbar mota. Nisa ya shiga tsakani, waya ta koma filin faɗa, har auren ya mutu. A gaban manya ya ce ya bar mata gidan ita da tagwayensu. Ita kuma a ranar ta toshe lambarsa, ta rantse ba zai ƙara jin muryarta ba.

Ba wanda ya tuna da takarda. Ai an yi magana a gaban manya, me kuma ya rage?

Ana nan sai Inna, mahaifiyar Maman Biyu, ta faɗi a banɗaki. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Maman Biyu ta ɗauko ta daga asibiti zuwa gidanta, ta rufe shago, ta hau da keken ɗinki falo don ta riƙa jin motsinta.

Likita ya ce sai an riƙa kai Inna gashi a kai a kai, in ana so ƙafar ta dawo. Benen ba shi da na'urar hawa. Matakalarsa ƙunci gare ta, ga kwana mai tsini a kowane hawa, wadda ko katifa sai an lanƙwasa take wucewa. Duk ranar asibiti sai an roƙi maza a maƙwabta su ɗora Inna a kujerar roba su sauko da ita, suna nishi tana salati.

Wata rana ƙafar kujerar ta karye a kwana ta biyu. Allah ya kiyaye, ba ta kai ƙasa ba, amma zaninta ya zame a gaban mazan. Da aka mayar da ita ɗaki ta juya fuska bango.

"Ni ba buhun siminti ba ce," in ji ta. "Kada a sake ɗaukata. In zan sauka, da ƙafata zan sauka."

Daga nan duniyar Inna ta koma gado da taga. Tana jin masu talla, tana jin yara suna ƙwallo, tana gane maƙwabta da muryoyinsu, amma abin da take gani rufin kwano ne da wayoyin lantarki. Maman Biyu ma ta zama fursuna. Ko zare ne ya ƙare, da gudu take sauka ta dawo. Masu kawo ɗinki suka fara ja da baya, don ba kowace mai jiki ce za ta hau bene saboda riga ba.

Sai ga mafita ta zo har ƙofa. A hawa na ƙasa akwai wata nas mai aikin dare, wadda hayaniyar titi take hana ta barcin rana. Ita ta kawo shawarar su yi musaya, ta hau sama su sauko ƙasa. Ƙofarta a bakin titi take, ko tudu babu. Da Inna ta ji, ranar har abinci ta nemi ƙari.

Lauyan da suka je wurinsa don musayar ne ya kashe musu murna. Ya duba takardar, ya ce saki ya raba aure amma bai raba gida ba. Maganar da aka yi a gaban manya ba ta shiga ofishin filaye ba. Sai Baban Biyu ya je ofishin jakadanci a can inda yake, ya sa hannu a gaban jami'i cewa ya saki rabonsa, ya aiko da takardar ta asali. In kuwa kotu za a je, kafin sammaci ya tsallaka ruwa ya same shi an sha jira.

"Hanya mafi sauƙi ki kira shi," in ji lauyan.

Ta ce ba ta da lambarsa. Ƙarya take yi, ta haddace ta kamar sunanta.

Abin da ta yi shi ne ta aika Kawunta wurin Gwaggon yara, wato yayar Baban Biyu, ita kuma ta isar masa. Kuma ta kafa wa Kawu sharaɗi: kada a ambaci ciwon Inna. Ba ta so ya ɗauka ta durƙusa tana roƙonsa. Tagwayen ma ta ja musu kunne, idan sun je gidan Gwaggo suna gaisawa da babansu ta waya, su ce kowa lafiya.

To ku duba yadda saƙon ya isa. Kawu ya ce ana so a cire sunansa daga takardar gida, bai faɗi dalili ba. Gwaggo kuwa ba ta iya miƙa magana haka gayanta, sai ta zuba mata yaji. Ta ce wa ƙaninta, mace ba ta tashi cire suna haka kawai, lallai akwai wani a ƙasa. Amsa ta biyo hanyar da saƙo ya bi: gidan na 'ya'yansa ne, ba zai sa hannu wani ƙato ya zo ya miƙe ƙafa a falonsa ba.

Maman Biyu ta ji kamar ta haɗiyi garwashi. Ta mayar da martani mai zafi, Kawu ya rage masa kaifi, Gwaggo ta ƙara. Haka aka yi ta yi, damina ta shiga ta fita. Nas tana tambaya a matakala, ana ce mata an kusa. Ƙafar Inna kuma tana ƙara sandarewa. Gaskiya abin ya ba ni haushi, domin kowa a cikinsu yana ganin mutuncinsa yake karewa, tsohuwa kuma tana kwance.

Sai da nas ta hau da kanta ta ce an yi mata canjin wurin aiki, in ba a gama ba dole ta sayar da sashenta ta tafi, sannan jikin Maman Biyu ya yi sanyi. Ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta buɗe lambar da ta toshe, ta kira shi.

Ya ɗauka a gefen hanya, ana jin motoci suna wucewa. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta faɗa masa komai: faɗuwar, kujerar, zanin, tagar. Wannan Innar ce ta riƙa ɓoye masa nama a ƙasan kwano lokacin da yake zuwa zance ba shi da ko sisi.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Ta faɗa masa.

"Ni an ce min sunana kike so ki goge. Ba wanda ya ce min Inna ake so a sauko da ita. Da kin faɗa min, ai da a makon na ajiye mota na tafi na sa hannu." Sai ya ce, "Ba ni ita mu gaisa."

Bai yi wasa ba. Ya nemi hutu, ya yi doguwar tafiya zuwa birnin da ofishin jakadancin yake, aka ba shi rana, ya koma ya jira ta. Ya sa hannu, ya aiko. Ofishin filaye ma ya ci nasa lokacin. Nas ta yi iya haƙurinta, amma ranar kama aikinta ba ta jira kowa ba. Ta sayar wa wani mai kayan gini, ya fasa bangon gaba ya sa ƙofar ƙarfe.

Da sabuwar takarda ta fito, Maman Biyu ta wuce ta gaban shagon, ana sauke bututun ruwa a inda ta yi niyyar ajiye gadon Inna. Ta hau matakalar a hankali. Sunanta ne kaɗai a takardar, babu na kowa.

Inna ta ga ambulan a hannunta, fuskarta ta washe. Ta yunƙura da hannunta mai lafiya tana laluben ɗankwali.

"Ta zo ko? To ki ɗauko min takalmana na fita, na san sun yi ƙura. Yaushe za mu sauka?"

Maman Biyu ta durƙusa a bakin gadon, ta kasa ɗaga kai.

Darasi: Idan kuna da buƙata a wurin mutum, ko da kun rabu, ku faɗa masa da bakinku, ku faɗi dalilin gaba ɗaya. Girman kai da 'yan aike suna cinye lokacin da ba ya dawowa, kuma sau da yawa wanda bai ji ba bai gani ba shi yake shan wahalar. In aure ya ƙare, a gyara takardun gida tun ana iya magana da juna. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai mai lambar da ya kamata ya buɗe yau.