Bika Ya Toshe Marmaro

An yi wani Bika, ƙaton biri, a ƙwanƙolin wani dogon dutse, wanda duk abin da idonsa ya gani sai ya ce gadon gidansu ne. Maƙwabciyarsa Rema ce, 'yar dabbar nan ta kogon dutse, mai ƙananan 'ya'ya da yawan tambaya. Duk damina kuma Shamuwa kan sauka a wata bishiya kusa da su. Ta zaga duniya, kuma ba ta iya sakaya magana ba.

Marmaro ɗaya ne a saman dutsen, yana fitowa daga wata tsaga. Shi kowa ke sha.

Wata rana, damina na bankwana, Rema ta kawo 'ya'yanta shan ruwa, ta tarar da Bika yana kwaɓa laka.

"Kawu, gini za a yi?"

"Toshewa zan yi," in ji Bika. "Cikin dutsen nan ƙatuwar randa ce, kakana ya bar mini. Kullum ruwana na gangarawa wurin kwaɗi, ko na gode babu. In rani ya yi, ni kaɗai zan buɗe."

"To mu fa? 'Ya'yana ba za su iya sauka gindin dutse ba, shaho na nan."

"Sai ki koya musu haƙuri."

Wata tambaya ta ci ƙarfin Rema. "Kawu, wa ya cika randar? Ni dai ban taɓa ganin ruwa yana hawa dutse ba."

Bika bai taɓa tunanin wannan ba, saboda haka ya ce tambayar rashin kunya ce.

"Yana hawa mana, ƙanwata," in ji Shamuwa daga kan reshe. "Na sha tashi tare da shi. Rana takan gasa tafkuna da koguna da babban teku can kudu, ruwa ya tashi kamar tururin tukunya. Iska ta koro shi har ya ci karo da dutse, dole ya yi sama. Sama kuwa sanyi ne. Sai ya dunƙule ya zama gajimare, ya yi nauyi, ya zubo. Dutse ya shanye ta tsagoginsa, ya riƙa saki a hankali. Wannan marmaron ƙofar fita ce kawai."

"Wato ruwan wankan kwaɗi nake sha?" in ji Bika.

"Har da na shanu."

"Ƙarya kike, mai dogon baki! Ku matafiya, da kun dawo sai ku mai da kowa wawa."

"Toshe abinka, Yallaɓai, ni gobe zan tafi. Amma ruwan nan wucewa yake yi. In ka rufe nan, zai nemi wata hanya."

Bika ya cusa duwatsu, ya liƙe da laka. A faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau, ko ɗigo bai fita ba. Ya koma shan ragowar ruwan sama da ya kwanta a wani kwarmi, shi ma ya hana kowa.

Rema ta riƙa kai 'ya'yanta lasar raɓa a ganye, har raɓar ta ɗauke. Ƙaramin cikinsu ya daina wasa, sai kwanciya. Ta je ta roƙi Bika, ya ce shi bai ga alamar rani ba tukuna.

Ran nan Rema tana ƙuryar kogonta ta ji bango ya yi sanyi. Ta shafa, ta ji danshi. Kafin yamma ruwa na tsattsafowa. Wanda aka hana fita a sama ne ya bi ta cikin dutse ya ɓullo nan. 'Ya'yan suka sha suka ƙoshi, sauran ya sulale ta ƙarƙashin duwatsu zuwa tafkin da ke gindin dutse.

Da zafi ya tsananta, kwarmin Bika ya ƙafe. Ya fasa lakar, ya kafa baki, ƙura ta shige masa hanci. Ya zura hannu har kafaɗa, ya zaro busasshen yashi.

Ƙarar ɗigar ruwa ta kai shi bakin kogon Rema, wanda ko kansa ba ya shiga.

"Ashe ke kika sace mini ruwa?"

"Kawu, ina zaune ya same ni. Da ina da abin ɗiba da na miƙo maka. Amma yana fita a ƙasa, wurin kwaɗi."

Bika ya kama hanyar gangara. Ya sha a gefen shanu. Kwaɗi suka matsa masa, ba wanda ya nemi godiya.

Da ya ƙoshi, ya zauna ya ƙura wa tafkin ido, rana na dukan ruwa.

"Yallaɓai, lafiya?" in ji wani tsohon kwaɗo.

"Ina duba ko zan ga lokacin da yake tashi," in ji Bika a hankali. "Ashe shi ma sai ya sauko nan kafin ya hau."

Darasin wannan labari shi ne, yawancin abin da ya zo hannunka daga wani wuri ya taso, kuma wani wuri za shi. Ka sha, ka bar na kusa da kai su sha. In ka ce sai ka kulle shi, zai wuce abinsa ta inda ba ka zaune.