Gurjiyar Kurege da Itacen Gwaggo Ɓauna

Ga ta nan tafe gare ku, ku gyara zama ku karɓe ta da zafinta.

A wata shekara aka yi marka irin wadda kwaɗi da kansu suka fara ƙorafi. Kwana tara ruwa na zuba, rana ba ta ko leƙo ba. Duk wani kara da ƙirare na dawa ya jiƙe sharkaf, in ka hura wuta ba abin da za ka samu sai hayaƙi da hawaye.

To, Kurege yana da gurjiya kwano guda. Kada ku tambaye ni inda ya samo ta, shi ma ba ya son a tambaya. Busasshiya ce, ga tauri kamar tsakuwa. Ya gwada ta ɗanya, haƙorinsa na gaba ya ce ƙas! Sai ya zuba ta a tukunya, ya jiƙa, ya jefa 'yar kanwa, ya zauna yana kallonta cikinsa na ƙugi. Ita kaɗai ta rage masa a rami, kuma in ta yi kwana uku a ruwa ba wuta, tsami za ta yi a zubar.

Duk dajin nan ba mai busasshen itace sai Gwaggo Ɓauna. Tun da rani ta tara ƙirya da marke, ta jibge a ƙarƙashin rumfa. Ba ta kyauta, ba ta aro. Ta kuma ajiye karnuka biyu a bakin rumfar, wa da ƙane, Basani da Basabo. Ƙarfi kam akwai, haƙora akwai, amma ta wajen kai sai dai a ce Allah ya ƙara lafiya.

Kurege ya miƙe, ya kaɗa jela, ya yi wa kansa kirari: "Ni ne Kurege mai gida ƙofa bakwai! In shiga ta gabas, a neme ni yamma! Itacen Gwaggo, ka yi haƙuri, tukunyata ce ke kiranka."

Ya rataya wata tsohuwar jaka, ya nufi rumfa yana tafiyar manzanni.

"Sannunku da aiki, manyan gari. Daga fadar Sarkin Dawa nake. Za a naɗa Sarkin Haushi, aka ce in zo in saurari muryoyinku."

Basani ya buga ƙirji. "Ai ba sai an wahala ba, ni ne."

Basabo ya ce, "Haba Yaya, kai da muryarka kamar ta tsohon zakara?"

Kurege ya ce, "A'a, ban da faɗa. Ga ƙa'ida: a rufe ido gam, a ɗaga kai sama, a yi ta yi. Wanda ya fara buɗe ido ya faɗi."

Suka runtse ido, suka ɗaga baki sama, suka kama wan-wan-wan har dawa ta amsa. Kurege ya zaɓi faskaren marke mai kyau, ya ja shi ta tsakanin ƙafafunsu. Ya yi nisa ke nan ya jiyo Gwaggo tana tambaya, "Kai, me kuka gani?"

"Ba mu ga komai ba, Gwaggo, idonmu a rufe yake!"

Dariya ta kusa kayar da Kurege a cikin taɓo. Amma da ya hura wuta, faskaren ya cinye tas ruwan tukunya bai wuce ɗumi ba. Gurjiya ko gezau. Haka ya kwana da yunwa yana zaginta.

Da gari ya waye, ya tsinko gemun masara ya manna a haɓa, ya naɗa rawanin ganyen ayaba, ya ɗauki sanda. Wannan karon Gwaggo da kanta ya iske a bakin rumfa, tana ta huci.

"Salamu alaikum, uwar gida. Ni ne Malam Na-Gara, mai maganin cin itace. Ina wucewa na jiyo gara tana tauna a rumfar nan."

Gwaggo ta zaro ido. "Gara? A itacena?"

"Ki yi shiru ki ji."

Ya bi itacen ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya girgiza kai. "Wannan lafiya lau. Wannan ma da sauƙi. Wayyo, wannan kuwa har sun yi aure a ciki, ga amarya can tana daka. In ya kwana a nan, gobe duk rumfar ta zama gari. Shi da wancan na kusa da shi, sai a fitar da su yanzu."

Gwaggo ta rikice, ta sa Basani da Basabo suka ɗauki manyan faskare biyu suka kai masa har mararraba. Har godiya ta bi shi da ita. Kurege ya ce ba komai, aikin lada ne. Yana juyawa iska ta fizge gemun, ya faɗi a gaban Gwaggo. Bai tsaya ɗauka ba, ya ƙara sauri, ita kuma ta tsaya tana kallon gemun masara a ƙasa, ta daɗe tana kallo.

Ran nan tukunya ta tafasa, har ta yi kumfa. Kurege ya ɗauko ƙwaya ɗaya ya latsa. Bayanta ya yi laushi, cikinta na nan da sauran gardama, wuta kuwa ta mutu. Ya ce, "Saura itace ɗaya tak, ke gurjiya. Gobe ni da ke."

Da gari ya waye, sai ya ji Gwaggo tana shela a dawa: tana neman kare na uku, don waɗannan biyun sun ishe ta. Kurege ya yi tsalle ya dire. "Ku ji fa! Yau mai kaya da kanta za ta ba ni gadin kayanta!" Ya shafe jelarsa da taɓo har ta zama siririya, ya liƙa ganyen ɓaure biyu a matsayin kunnuwa, ya tafi yana lallaɓawa da ƙafa huɗu.

Basani ya shinshina shi. "Gwaggo, wannan ƙanshin gyaɗa yake yi."

"Turare ne, Yaya," in ji Kurege. "Mu karnukan Azbin ba ma fita haka nan."

Basabo ya ce, "To yi haushi mu ji."

Kurege ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki, ya ce, "Tsuwit!"



"Da yaren garinmu na yi," in ji shi. "Can in ɓarawo ya ji wannan, suma yake yi."

Gwaggo ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Na ɗauke ka, ɗan nan. Ka ga guntun ƙiryar can da na ware gefe? Duk rumfar ba kamarsa, yini guda yake yi yana ci. Shi za ka tsare mini. Ku kuma ku zo ku ci tuwo."

Ai kuwa suna ba da baya, sabon kare ya mirgina guntun ƙirya sai gida. Ya ji kamar bai kai nauyin ƙirya ba, ya ce ƙarfinsa ne ya ƙaru. Shi da ya yini jiya yana ƙwanƙwasa itacen mutane yana kara kunne, wannan ɗaya bai ƙwanƙwasa ba. Da ya yi, da ya ji cikinsa rami ne. Ashe Gwaggo ta rarake shi, ta ɗura masa barkono tsidugu mudu guda, ta toshe bakin da laka.

Wuta ta kama ɓal-ɓal, tukunya ta hau rawa, ƙanshin dafaffiyar gurjiya ya cika rami. Kurege ya ɗauko ƙullin gishirinsa zai barbaɗa, sai lakar nan ta fashe fus!

Jama'a, hayaƙin barkono a cikin rami! Ido ya rufe, hanci ya balle.

"Atsha! Atsha! Wayyo hancina! Attishaaa!"

Hayaƙi ya fito ta ƙofa bakwai, atishawa ma ta fito ta ƙofa bakwai. Gwaggo da karnukanta suka biyo sautin, suka iso, amma suka rasa ƙofar da yake. Basani ya ce nan ne, Basabo ya ce can ne, har suka gwabza kai. Kurege yana maƙale a bakin ƙofa ta uku, ya toshe hanci da jela, hawaye na zuba, yana ce wa kansa, "Ka yi shiru, ɗan gari, yanzu za su gaji."

Gwaggo ta ce wa karnuka su tsaya. Ta jira. Can wata atishawar ta kuɓuce, 'yar ƙarama. Sai ta sassauta murya kamar mai gaida mara lafiya, ta ce, "Ayya, sannu, mai gida."

To, ku kun sani, wanda aka haifa a ƙasar nan ba a ce masa sannu ya yi shiru. Kafin wayonsa ya farga, bakinsa ya riga shi.

"Yawwa, sannu Gwaggo."

"Ƙofa ta uku!" in ji Gwaggo.

Karnuka suka afka da tono. Kurege ya yi ƙofa ta huɗu, Basabo na can. Ya yi ta biyar, kofaton Gwaggo ya same shi a gindi, ya tashi sama ya faɗo a kan ƙaya. Basani ya cafko jelar, taɓon da ke jiki ya sulluɓe, Kurege ya bar masa gashi da ƙarshen jela cike da baki. Kurege ya zura da gudu, kunnen ɓaure ɗaya na lilo, bai tsaya ba sai kan wani dogon suri a hayin rafi.

Daga can ya hango su sun fito da tukunyarsa. Gwaggo ta buɗe, tururi ya tashi, gurjiya ta dahu luguf, irin dahuwar da ya kwana biyu yana mafarki. Suka zauna a ƙofar gidansa suna ci da hannu bibbiyu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya fi ƙayar da ke gindinsa.

Ya share hanci, ya duba hannunsa, sai ya ga ashe ƙullin gishirin na nan, bai sake shi ba duk gudun nan. Nan take ya miƙe tsaye a kan suri, da guntuwar jela da kumburarren ido, ya ɗaga ƙullin sama.

"Gwaggo! Basani! Basabo! Ku ci, ku ƙoshi, lami kuka ci! Gishirin yana wurina! Atsha!"

Ƙurunƙus kan guntuwar jelar Kurege. Wanda ya yi atishawa a cikinku, sannu.